Fankar Surukin Yayana

Na ga mota mai ɗaki a Marsel, na gan ta a Khartum, amma a unguwar Gyaɗi-Gyaɗi ta Kano kaɗai na ga an mayar da ita masaukin suruki.

Yayana ne ya saye ta, wajen tsakiyar shekarun saba'in, a hannun wani Bafaranshe da ya ƙetaro Sahara ta Agadas ya iso Kano ba ya son ya sake ganin yashi. Ni na yi musu tafinta. Mutumin ya nuna mana batir biyu: ɗaya na tayar da inji, ɗaya na ɗaki, shi ke riƙe da fitila da fanka. Ya ce na ɗakin in aka sha shi sai an yi tafiya dinamo ya mayar masa, a riƙa ƙara masa ruwan sama mai tsabta, kuma kome wuya kada a taɓa na injin. Yaya ya gyaɗa kai, hankalinsa na kan labule.

Da bazara surukinsa ya zo daga ƙauye, za a cire masa yanar ido. An ba shi rana a asibiti, in ta wuce kuwa sai bayan damina, ga gona tana jira. Dattijon ba zai kwana a cikin gidan mijin 'yarsa ba, wannan kowa ya sani. Sai Yaya ya ajiye motar a ƙofar gida, tun da ita ba gida ba ce, ba kuma waje ba. Kafin baƙon ya shiga ya kunna masa fanka da fitila, ya fice da sauri don kada su haɗa ido.

Fankar nan ba ta sake hutawa ba. Dare da rana tana juyi, fitila na ci da tsakar rana. Kafin a jima batirin ɗaki ya fara nishi.

Na ce, "Yaya, bari in nuna wa Baba makunni."

"Ka ce wa surukina ya rage shan iska a ƙofar gidana? Kai zaman Turai ya lalata ka."

A bi ta wajen matar Yaya kuma babu hanya, don ita ce 'yar fari, uban ko sunanta ba ya kamawa. A ƙasashen da na zauna suruki da mijin 'ya sukan yi musu a kan tebur har a buga kofi. Mu a nan magana guda ce, kashe fanka, ta rasa bakin da zai ɗauke ta.

Sai Yaya ya koma ɓarawon batirin kansa. Da dattijon ya tafi masallaci, sai ya zo da sufana ya kwance na ɗakin, ya ɗaura na injin a gurbinsa, ya ɗora mataccen a babur ɗinsa Basfa zuwa wurin mai caji a Tarauni. Mai cajin, wani Babarbare mai tsokana, yana hango shi sai ya ɗaga murya: "Alhaji, yau ma an kawo mara lafiya? Wai surukin nan naka iska yake ci ko tuwo?" Ruwan batir ya fallatsa wa Yaya a babbar rigarsa, gabanta ya zama kamar rariya.

Ranar asibiti da safe aka murɗa makulli, motar ta ce ƙyas, ta yi shiru. Duka biyun sun mutu. Yaya ya ce a nemo tasi, amma wa zai ce wa Baba ya sauko? Yana ciki ya riga ya zauna, sandarsa a cinya.

Aka ja labule don kada Baba ya ga ana tura motar. Direbobi da leburorin unguwa, har da wani maƙwabcinmu Bayarabe da ya fito da buroshi a baki, suka sa kafaɗa. Yaya na sitiyari yana raɗa ta taga, "Don Allah a tura ba surutu." Mai cajin, da ya zo kallo, ya ce, "To, a yi nishi da ladabi, jama'a!" Sai da muka kusa titi motar ta yi tari ta kama. Muka isa asibiti kafin a kira Baba.

Da aka kwance masa bandeji, abin da ya fara tsura wa ido rigar Yaya ce. Ya juya wajena, ya yi ƙasa da murya.

"Yaro, abin nan mai hura iska, yaya ake kashe shi? Tun da na zo nake da mura. Na ga mai gida ne ya kunna da hannunsa, na ce ba ni zan raina karamci ba."

Yaya na tsaye a bakin ƙofa, ya duƙufa yana gyaran takalmin da ba abin da ya same shi. Da muka koma mota na kama yatsan Baba na ɗora a kan makunnin. Ya danna, fanka ta tsaya. Ya sake dannawa ta tashi. Ya kashe ta, ya ce, "Ka gaya masa an gode."