Gwamnati Ta Ce Ta Ji

Lambun mahaifina yana bakin kogin Challawa, ƙasa kaɗan da inda magudanar kamfanonin fata ke zubowa. Salak da tumatir da albasa yake yi da rani, kuma da su ya raine mu. Wajen tsakiyar shekarun dubu biyu ruwan ya fara sauya kala. Yau ja, gobe shuɗi-shuɗi, wani lokacin baƙi wuluk da kumfa a kai, ga wari mai hawa kai. In aka yi ban-ruwa da shi, ganye sai ya fara ƙonewa daga baki. Wata shekara da damina ta ɗauke, magana ɗaya ce a gidanmu: Baba ya sake zuba iri, ko ya haƙura da lambun.

Ni a lokacin ina aiki a wani kamfanin robobi a Sharada. A rediyon mai gadinmu na ji sanarwa cewa gwamnati ta buɗe shafi a intanet, duk talaka mai koke ya aika kai tsaye, ba sai ya bi ta hannun kowa ba. Na kawo labarin gida don a yi hira kawai. Bakina ne ya jawo mini.

"Ina ofishin intanet ɗin yake?" in ji Baba.

"Baba, ai ba ofis ba ne."

"To mene ne?"

Ni da ake yi wa kallon ɗan boko a gidan, abin da na sani bai wuce cewa akwai wani shago a Na'ibawa da ake shiga a zauna gaban kwamfuta ba. Na faɗa masa haka. Ya ce to can za mu.

A wurinmu ba a kai wa babba kuka a tsaitsaye. Baba ya sa babbar rigarsa ta Juma'a, ya kira maƙwabcin lambunsa, wani dattijo da muke ce wa Kawu, don a yi shaida. Ya cika kwalbar lemo da ruwan kogin, ya toshe bakinta da totuwa. Sannan ya zaɓi albasa mai kyau daga ɗan abin da ya tsira ya ɗaure a leda, don ba a zuwa gaban hukuma hannu biyu. Na ce masa ba a buƙatar albasa. Ya dube ni irin duban da ya sa na ɗauki ledar da kaina.

Shagon ɗan ƙarami ne, janareto na ta ɓaɓatu a ƙofa. Baba da Kawu suka tuɓe takalma suka yi sallama. Samarin da ke ciki suka juyo, wani ya danne dariya, ni kuwa kunya ta rufe ni. Mai shagon, wani magidanci mai tabarau, ya ba su kujeru, ya nemo shafin da ƙyar. Da Turanci yake. Na tambaye shi ko wanda zai karanta yana jin Hausa, ya ce shi ma bai sani ba, amma mu gwada.

Baba ya gyara zama ya fuskanci kwamfutar, ya fara. Allah ya ba ku nasara. Allah ya ja zamaninku. Yaya aiki, yaya jama'a, yaya haƙuri da mu. Kawu na amsawa da amin, mai shago na bugawa. Ana cikin gaishe da iyalai sai hannunsa ya tsaya.

"Alhaji, wurin rubutun ya cika. Sai an rage gaisuwar."

"A rage gaisuwa? A gaban gwamnati?"

"Ba ya ɗaukar magana mai yawa ne."

"Su suka ce a zo a faɗa musu, kuma su suka auna bakin mai faɗa?"

Na shiga tsakani na ce, Baba ku yi haƙuri, kukan ne mai muhimmanci. Kawu ya ce in yi shiru, wanda bai gaisa ba ai faɗa ya je yi. Da ƙyar aka sasanta. Rabin gaisuwar ya tsira, aka matsa kukan a ƙarshe: ruwan kamfani ya kashe mana lambu a Challawa, a zo a gani. Kafin a aika, Baba ya ɗaga kwalbar ya kara ta a fuskar kwamfutar. Mai shago ya ce ba sa gani. Baba bai sauke ba sai da ya tabbatar ya nuna.

Ko numfashi ba mu sauke ba sai ga rubutu ya fito. Mai shago ya fassara: sun karɓi saƙonmu, sun gode, za a duba.

"Sun ce sun ji?"

"Haka aka rubuta."

Wallahi ni ma abin ya burge ni. Mu da muka saba wuni a barandar ofis a ce oga ya fita, yau ga amsa tun shayi bai huce ba. Baba ya miƙa wa mai shago albasar ya ce a isar musu. Mutumin ya riƙe ledar yana kallona, ni ma ina kallonsa.

A wurin Baba, in babba ya ce ya ji, magana ta bar hannunka. Ba ka komawa ka yi naci, shirin baƙi kake yi. A makon nan ya zuba iri. Ya share hanyar lambu, ya shimfiɗa tabarma a gindin mangwaro, ya jingine kwalbar a inuwa. Duk motar da ta rage gudu a titi sai ya miƙe ya kakkaɓe riga.

Da shiru ya yi yawa na koma Na'ibawa ni kaɗai. Mai shago ya ce in matso. Ya buga haruffa barkatai marasa ma'ana ya aika, sai ga amsar nan tamu, ba ragi ba ƙari. Ya ce injin ne ke ba kowa. Na ce to namu ya isa wurin wani? Ya ɗaga kafaɗa. Na fito ina ta tunani, har na wuce inda ake hawa mota.

Na sami Baba yana ban-ruwa, na faɗa masa komai.

"Injin ne ya ƙirƙiro maganar?"

"A'a. Wani ne ya rubuta ya ajiye a ciki."

"Mutum?"

"Mutum."

"Ya ce ya ji tun kafin a faɗa masa?"

Baba ya ci gaba da jan ruwa.

"To ai ya ɗauki nauyi. Ba ni na sa shi ba. Zai zo."

Na ji haushi, na ji tausayi, kuma na kasa cewa ya yi kuskure. Har yau ban san wanda ya fahimci abin a cikinmu ba.

Shukar ta fito kore shar, ta yi kwanaki, sannan ta fara ƙonewa daga baki. Wannan ne ranin Baba na ƙarshe a lambun. Ranar da ya naɗe tabarmar ya miƙo mini kwalbar.

"Ka ajiye. In sun zo ba na nan, ka nuna musu."

Baba ya rasu da daɗewa. Kwalbar tana kan kabad a ɗakina, baƙin ya kwanta a ƙasa, saman ya yi garau kamar a sha. 'Ya'yana sun ce yanzu ana iya ɗaukar hotonta da waya a aika. Na tambaye su wa ke can ɗaya ɓangaren, suka ce gwamnati mana. Na ce wane ne a cikinta, suka kalli juna. Duk da haka, in matata ta zo sharar ɗaki, sai na ce ta bi a hankali kada ta ture ta.