Ranar da Jakadiya Ta Durƙusa Mini

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Tanti Zainabu ta rasu.

Da safen nan labarin ya same ni. Ina tsaye a bakin titi ina jiran bas ɗin makaranta, sai Mama ta leƙo ta taga ta ce in dawo. Ban je makaranta ba yau. Har yanzu ban cire takalmina ba.

Waɗanda suka san ni sun san ba na rubutu a nan, ko hoto ba na sawa. Ku yi haƙuri da ni idan na yi tsawo.

Ga wanda bai san ta ba, Tanti Zainabu 'yar Maraɗi ce. Tana da ɗan shagon ɗinki a Gate City Boulevard, kusa da masu sayar da tsofaffin motoci. Ita ta fara wasan da muke yi duk Asabar ɗin farkon wata a wani fili a East Greensboro, nan Amurka. Mukan shimfiɗa doguwar igiya a kan ciyawa mu zagaye wuri. Cikin igiyar nan wani tsohon birni ne da muka ƙirƙira, mai ƙofofi da kasuwa da fada. Kowa ya sa kayansa, ya ɗauki matsayinsa, yara da manya, a yi shari'a, a yi yaƙi da takubban soso. Turanci ba ya shiga. Wanda bakinsa ya suɓuce, ya zama fursuna na minti biyar a gindin bishiya.

A cikin wasan ita ce Jakadiya, mai kula da ladabin fada. Dokokinta ba su da yawa, amma ba ta wasa da su. Sarauta ba a roƙonta. Ba a ba mutum don shekarunsa ko don gidansu, sai don hidimar da ya yi wa wasan. Kuma a cikin igiya, mai sarautar da ke kan kujera ba ya durƙusa wa kowa. Ana zuwa a gaishe shi, yana zaune. Wanda ya karya wannan sau uku, a karɓe sarautar.

Shekara biyu ina ɗinka tutoci a shagonta, ina koya wa ƙananan yara gaisuwa. Ban taɓa tunanin komai ba. Sai wata Asabar ta kira sunana a gaban jama'a, ta yafa mini wani jan mayafi, ta ce daga yau ni ce Magajiya, shugabar mata a fada.

Alhaji Sani, abokin Babana ne, shi ne Madaki a wasan. Bai ɓoye ra'ayinsa ba. Ya ce wa Tanti, "Hajiya, yarinyar da ko sallama ta yi sai ka kasa kunne? Wannan kaya ya fi ƙarfin kanta. A bar yara da riƙe tuta."

Tanti ta ce da ɗan Faransancinta, "Bon, Alhaji. Mu gani."

Gaskiya, da farko shi ya yi gaskiya.

Asabar ta farko, ina zaune a kan kujerar Magajiya, 'yan mata takwas a bayana. Alhaji Sani ya taho da rawaninsa zai kawo gaisuwa. Kafin ya sunkuya, na riga na zube a ƙasa ina cewa, "Ina wuni Baba." Ban san lokacin da na yi ba, gwiwoyina ne suka yi da kansu. To dokar ta ce mabiya ba sa fin shugabarsu tsayi. Sai 'yan matan nan takwas suka kwanta ruf da ciki a kan jiƙaƙƙiyar ciyawa. Alhaji ya tsaya a sunkuye, ya rasa wanda zai gaisar. Har fursunan da ke gindin bishiya sai da ya faɗi don dariya.

Wata na biyu na daure, na daure, har Alhaji ya kai gwiwa ɗaya ƙasa. Sai na ga furfurar gemunsa. Na sake zubewa.

Saura ɗaya.

Ba mayafin ne ya dame ni ba. Tanti ta tsaya mini a gaban manya, kuma an riga an fara cewa idan na faɗi na uku, ba za a ƙara ba ɗan ƙasa da shekara ashirin sarauta ba. Akwai yara biyu a bayana da suka fi ni cancanta.

Na je shagonta bayan makaranta na ce ta karɓi abinta kafin in ƙara ba ta kunya. Na ce tun ina ƙarama Mama ta koya mini ba a tsaya wa babba a kai, yanzu ta ya zan zauna kamar dutse, sa'an Babana yana ƙasa?

Ba ta ɗago daga keken ɗinki ba. Ta ce, "Ɗiyata, mi kike tsammani Alhaji yake yi in ya duƙa? Girmansa ne ya sauke ya miƙo miki da hannu biyu. Ke kuma sai ki bar shi riƙe da shi, ki faɗi ƙasa. Wannan shi ne ladabin?"



Ta ce, "Karɓar gaisuwa ma ladabi ne, kuma ya fi wuya. Zauna can."

Na zauna. Ta ɗauko gwangwanin allurai da fil, ta buɗe, ta ɗora mini a kan cinya. Ta ce, "In kin motsa, ke za ki tsince su, ɗaya ɗaya." Sannan ta kira maƙwabciyarta, wata dattijuwa mai kitso, ta ce ta zo ta gaishe da Magajiya.

Ranar na tsinci allurai har yatsuna suka yi ja.

Sati uku muna haka. Tana ba ni shayi da biredi tukuna, ta tambaye ni jarrabawa, ta duba ko na yi homwok, sannan a ɗora gwangwani. Duk wanda ya shigo karɓar ɗinki sai ya gaishe ni. Wani ɗan Gana ma har kirari ya yi mini. A sati na uku ko allura ɗaya ba ta faɗi ba.

Abu ɗaya ne yake kwantar mini da hankali. A fadarmu Magajiya ba ta amsa gaisuwa da bakinta. Jakadiya ce take tsayawa a gefenta ta ce, "Magajiya ta gaishe ka." Ni zama kawai ne nawa.

Asabar ɗin da ta wuce ita ce ta uku. Mutane sun cika, har waɗanda ba sa zuwa sun zo kallo. Mama ma ta ɗauki hutu a wurin aiki, tana tsaye a wajen igiya da jakarta.

Alhaji Sani ya taho. Ya duƙa, ya ɗaga hannu ya yi jinjina. "Ranki ya daɗe, Magajiya."

Na damƙe gefen kujera. Ban motsa ba.

Tanti ta ce, "Magajiya ta gaishe ka, Madaki."

Ya tashi yana kallona ta gefen ido. Ya ce a hankali, "A'a! Yau gwiwa ta yi yaji ke nan?"

Na ɗauka an gama. Sai na ga Tanti ta bar gefena. Ta zagaya, a hankali, da ciwon gwiwar nan nata da kowa ya sani, wanda ko salla a kan kujera take yi. Ta zo gabana. Ta dafa ƙasa da hannu ɗaya, ta sauka har ƙasa.

"Allah ya ja zamaninki, Magajiya."

Babu mai amsa mini, don mai amsawar ce a ƙasa. Idan na tashi na ɗaga ta, na faɗi na uku. Idan na yi shiru, za ta ci gaba da zama a kan gwiwar nan.

Na ce, "An gaishe ki, Jakadiya."

Ta karkato kai. "Mi? Kunnen ya tsufa, ranki ya daɗe."

Wallahi ban san ina da wannan muryar ba. Na ɗaga hannu na ce, "An gaishe ki, Jakadiya! Magajiya ta gode! A taimaka mata ta tashi!"

Wani mutum da ke yawo da karensa can nesa sai da ya waiwayo.

Guɗar farko daga wajen igiya ta fito. Mama ce. Mata biyu suka ɗaga Tanti, tana dariya tana cewa, "Wayyo gwiwata, wayyo Allah, kun ji ta? Kun ji ta?" Alhaji Sani ya ɗaga takobinsa na soso sama ya ce, "Na janye maganata. A kawo sauran yaran." A ranar aka naɗa su, su biyun.

Da aka naɗe igiya, na ruga wurin da ta faka mota, na durƙusa mata da gwiwa biyu a kan kwalta, na ce ta yafe mini wahalar da ta sha. Ta ja kunnena. Ta ce, "Tashi, kar ki ɓata mini zanen fada. Ki zo Laraba akwai tutoci."

Ban je ba. Ina da tes ranar Alhamis, na ce sai Juma'a.

Ranar Talata aka kai ta asibiti, ban sani ba. Yau da asuba Allah ya karɓi abinsa.

Ɗazu Alhaji Sani ya kira Mama, ya ce a ba ni waya. Ya ce a dokar da Tanti ta bari, idan mace mai sarauta ta rasu, Magajiya ce take sanar da jama'a. Na ce, "Baba, ko kai za ka yi?" Ya ce, "Ba aikina ba ne. Ke muke jira."

To, ga shi ina sanar da ku. Jakadiyarmu, uwarmu, Tanti Zainabu, ta koma ga Mahaliccinta. Za a yi mata salla yau bayan azahar. 'Yan matan fada, ku same ni a gidan rasuwa, akwai baƙi da yawa, mu za mu tarbe su.

Ya Allah ka jiƙan ta, ka gafarta mata, ka yalwata kabarinta ka cika shi da haske. Yadda ta ɗaga 'ya'yan mutane, Allah ka ɗaga darajarta a Aljanna Firdausi. Ka ba 'ya'yanta da jikokinta na nan da na Maraɗi haƙurin rashinta.

Duk wanda ya karanta har nan, ko bai taɓa ganin ta ba, don Allah kada ya wuce sai ya yi mata addu'a.