Ranar da Na Daka wa Abba Tsawa a Teku

Karatun digiri na uku ne ya kawo Abba Kuala Lumpur, amma sai teku ta ɗauke masa hankali. Akwai wani dattijo ɗan ƙasar da suke sallah tare a Pantai Dalam, muna ce masa Pak Cik. Yana da ƙaramin jirgin ruwa mai tafiya da iska a Port Klang. Ciwon gwiwa ya hana shi hawa, sai yake ba mu aro duk Asabar. Shekarata goma sha biyar lokacin. Abba ne ke riƙe da sitiyari, ni kuma duk sauran aikin duniya.

Umma ba ta taɓa son abin ba. Da aka sa gasar jirage ta mutum biyu-biyu, sai ta kafa sharaɗi: "In aka janyo ku zuwa gaɓa kamar mataccen tasi, shi ke nan. Asabar ɗinki ta koma lesin ɗin lissafi." Malamin lesin nan kuwa, in ya fara bayani, har fanka gyangyaɗi take.

Jirgin yana da ƙyallen gaba guda biyu, irin wanda iska ke turawa jirgi ya tafi, ɗaya ake ɗaurawa. Babban, in an shimfiɗa shi, zai rufe falonmu da kicin da rabin gidan maƙwabta. Yana da daɗi in iska ta yi sanyi, amma in ta taso, mutum biyu ba sa iya masa. Ƙaramin kuwa ba ya gardama. Pak Cik ya koya mini: in gajimare ya taru ta yamma tun da hantsi, ƙaramin ake sawa.

Ranar gasar gajimaren ya taru, baƙi ƙirin. Abba ya lashi yatsa, ya ɗaga sama.

"Mamana, ɗauko babban."

Na san kuskure ne. Amma a gidanmu ba a ce wa Abba ya yi kuskure, zagayawa ake yi.

"Abba, ƙaramin nan fa yana da kyau."

"Shi ya sa za mu adana shi."

"Pak Cik yana son sa sosai."

"Allah ya bar ƙauna."

"Kowa ƙarami ya sa, Abba."

"Kowa ba daga Kano yake ba. Kin taɓa ganin an je taro da 'yar shara ga babbar riga a ajiye?"

Na ɗaura babban.

Da farko mu ne a gaba, Abba har yana ɗaga wa mutane hannu kamar ɗan takara. Can sai iskar ta iso. Jirgin ya kwanta gefe guda, ruwa ya fara shigowa, robar shinkafarmu ta nasi lemak ta kama hanyar Indonesiya.

"Abba, don Allah in ba takura, ko za ka ɗan juya hancin jirgin wajen iska?"

"Na'am?"

Na sake farawa daga "don Allah". Kafin in kai "takura", igiyar ruwa ta cika mini baki. Da na share ido sai ga jirgin ceto yana matsowa, wani mutum riƙe da igiyar ja yana ta kira da yarensu: "Boleh? Boleh?", wato ko ya ja mu.

Ban san lokacin da muryar ta fito ba.

"Abba! Juya! Saki igiya! Yanzu!"

Wallahi ya juya, ya saki. Na rarrafa gaba, na sauke babban, na zauna a kansa don kada ya tashi da ni, na ɗaura ƙaramin.

"Ja! Ba wannan ba, ɗayar!"

"To," in ji Abba.

Na kori mai ceto da hannu. Mu ne na ƙarshe, har masu ɗaukar sakamako sun fara naɗe tabarma, amma da kanmu muka shigo.

Muka shiga mota. Ni dai ina ta shirya jawabin ban-haƙuri, na kai shafi na uku muka iso gida. Umma na bakin ƙofa.

"An janyo ku?"

"Ba a janyo mu ba," in ji Abba, yana matse hularsa. "Daga yau ita za ta riƙa zaɓar ƙyalle." Ya waiwayo ya dube ni. "Amma tsawar nan, iyakarta bakin ruwa."

Umma ta dubi Abba, ta dube ni.

"Wace tsawa?"

Abba ya ce yunwa yake ji, ni kuma na ruga wanka.