Gyaran da Na Yi wa Babur Ɗin Baba a Ɓoye

Shekarun baya, tun ana bin hanyar Gangara zuwa Isa ba tare da waige-waige ba, mahaifina yana da wani tsohon babur da ya kusa sa'ana. Da shi yake kai gero kasuwa, da shi yake zuwa gaida ƙanwarsa a Turba, kuma duk inda aka yi rasuwa ko suna, ƙarar babur ɗin nan ce ke fara yi masa sallama.

Da sanyin ƙashi ya kama hannunsa na hagu, sai ya fara ƙorafin kulocin ya yi tauri. Ni kuwa a lokacin ina jin kaina rabin bakanike, don kawai ina yawan zama a garejin abokina ina cin gyaɗa. Wata safiya Baba yana gona, na ɗauki sifana na yi ta ɗaure wayar kulocin har ta miƙe tsam, yadda da ya ɗan taɓa za ta kama. Ban gaya wa kowa ba. So nake ya ji daɗi ya yi ta mamakin wanda ya yi masa wannan alheri.

Bayan 'yan makonni babur ya canza hali. Baba zai murɗa totur, inji ya yi ta kururuwa, amma tafiyar kamar ta jakin da aka yi wa lodi. Wata rana a cikin yashin wani rafi ya tsaya masa cak da buhun gero, suka kife tare. Bai ji ciwo sosai ba, sai dai a ranar yayana ya zare makullin. Ya ce hannun Baba ne ke rawa, yana danne kuloci bai sani ba, don haka hawan babur ya ƙare.

Wallahi ni ma na gyaɗa kai. Ko sau ɗaya tunanin sifanar nan bai zo mini ba.

Baba bai yi gardama ba. Mutumin da ba ya wuni gida ya koma zaman zaure. Aka yi rasuwa a Tsamaye, ya shirya tun da safe yana jiran wanda zai kai shi, har azahar bai samu ba. Ya cire hularsa ya koma ciki.

Aka yanke shawarar sayar da babur ɗin, aka ce in kai shi Isa bakanike ya duba tukuna. Baba ya ce, "Za ni bi ka. Ni na sawo shi, ni ka raka shi."

Na goya shi muka kama hanya. Muna shiga yashin rafin nan na murɗa totur, inji ya ɗauki kuka, taya ta ƙi gaba. Na sake murɗawa, wani ƙauri ya taso. Sai na ji Baba a bayana ya yi gyaran murya.

"Halan kai ma tsufan ya kama ka?"

Da turi muka fita daga yashin. Bakaniken da muka je wurinsa dattijo ne mara yawan magana. Ya jingina tayar gaba da bango, ya sa babbar giya, ya saki kuloci a hankali. Ya ce da kulocin lafiya lau yake, da nan take injin ya mutu. Namu kuwa sai ci gaba ya yi da ruri. Ya sunkuya ya shinshina, sannan ya taɓa hannun kulocin da yatsa ɗaya.

"Wagga waya ba ta da sarari ko kaɗan. Kullum kuloci a rabin danne yake, shi ya sa faifan ciki yaƙ ƙone. Wa yat taɓa ta?"

Baba ya ce shi dai bai taɓa ba. Na dubi ƙasa, na dubi sifanar da ke hannun bakaniken.

"Ni na, Baba. Don hannunka ni yi."

Na zaci zai yi faɗa. Sai ya juya ga bakaniken ya ce, "Malam, ke nan ba hannuna ba na?"

"Hannunka lahiya lau, Alhaji. Taurin ma tsatsa ta cikin waya."

Aka canza faifan, aka sa sabuwar waya da mai, kuloci ya yi laushi har da yatsa biyu ana jan shi. Da aka gama na miƙa hannu zan karɓi makulli, Baba ya riga ni. Ya hau, ya tada, ya nuna mini baya da haɓa. Haka muka ratsa yashin nan ko tangaɗi bai yi ba, ni ina riƙe da rigarsa kamar ranar da ya fara kai ni makaranta. Shekara huɗu ya ƙara a kan babur ɗin kafin ya ajiye shi da kansa.

Har yau in na tuna, kunyar sifanar ba ta kai kunyar saurin da muka yi ba. Ba wanda ya duba waya, duk muka dubi furfurarsa muka yanke hukunci. Yanzu in dattijo ya ce mini abu ya lalace, abin nake fara dubawa.

Da muka isa gida ranar, yayana yana tsaye a ƙofa. Baba ya kashe inji, ya jefa makullin a aljihu, ya ce masa, "Gobe Tsamaye za ni, akwai ta'aziyyar da ban yi ba."