Waƙar da Kaka Ta Yi wa Baƙuwa

Duk sanda maƙwabciyata ta ɗora tuyar ƙuli-ƙuli, sai zuciyata ta koma tsakar gidanmu na Muchia, lokacin ina firamare. Sana'ar kakata ke nan. Banufiya ce, jirgin ƙasa ya kawo ta Sabon Gari tana amarya, amma mu ba ta taɓa yi mana wani yare ba sai Hausa. Ni ce 'yar ɗakinta. A bayanta nake kwana, kuma na farkon da ya fito daga mai nawa ne.

Wata damina sai ga wata ɗalibar jami'a daga Samaru, da 'yar rikoda a jaka. Wai tana bincike kan waɗanda suka baro garuruwansu suka zauna a nan. Ta durƙusa ta gai da Kaka da Nufanci. Kun san sai da cokalin tuya ya suɓuce wa Kaka?

Daga ranar tabarmata ta zama ta baƙuwa. Su yi ta hira, ruwa na dukan kwano, Kaka na wata irin dariya da ban san tana da ita ba. Wani lokaci ta ja waƙa, tana share ido da bakin zane. Ni kuwa a aike ni sayen gawayi. In na dawo na raɓe a bakin ƙofa, ko kalma ɗaya ba na tsinta. Har fata nake baƙuwar ta rasa mota a Samaru.

Ran nan na kasa daurewa.

"Kaka, me kike faɗa mata da ni ba ki faɗa mini?"

"Ji min ja'ira! Labarin uwata ne, da ranar da muka rabu a tasha."

"To ni fa?"

"Ke da na goya? Ita za ta ɗauka ta tafi da shi. Ke kuwa kullum da shi za ki riƙa kallona."

Ruwa na ɗaukewa ɗalibar ta yi sallama, ba mu sake ganinta ba. Kaka ma, Allah ya jiƙanta, ba ta kai aurena ba.

Yanzu ina Palladan da nawa yaran. Kwanaki babbar ta tambaye ni asalinmu, na ce ƙasar Nufe, don iyakar sanina ke nan. Can a wani gari akwai wata baiwar Allah da ta san sunan uwar kakata, ta san waƙar. Ina yi mata fatan alheri, wallahi. Amma sai na yi istigfari tukuna.