Ranar da Muka Miƙa wa Kaftin Zakara a Tasawa

Ana sallame sallar asuba muka bar Urafane, ni da kawuna, a bayan wata tsohuwar mota mai ɗaukar wake. Ba yawo ya fitar da mu ba. Ƙanena soja ne, sama da kwana arba'in wayarsa a rufe, ga jita-jitar an kai wa rundunarsu hari. Da muka ji rundunar ta sauka Tasawa, Inna ta ce kada mu dawo sai da gaskiya, mai daɗi ko mai ɗaci.

Hanya ta sha ruwan damina, rami na bin rami. Direba ya ƙara kuɗin mota wai esansi, man mota, ya hau, sannan ya ɗora mana awaki biyu a kan ƙafafu. A tashar Tasawa kawu ya sayi ƙosai da kunu, ya cinye nasa ya haɗa da nawa, don ni hankalina na wurin ƙanena.

A ƙofar sansanin soja aka bincike mu, aka zaunar da mu gindin itacen bedi. Can sai ga mutum biyu, dattijo mai furfura da tumbi, da wani siririn saurayi. Mu dai a gida babba ake kai wa kuka. Muka tuɓe takalma muka zube gaban dattijon, kawu na ta zuba masa "ranka shi daɗe". Zakaran da muka kawo na gaisuwa kuwa, kawu ya miƙa wa saurayin, ya ce ya riƙe wa maigidansa.

Dattijo ya ƙame, gumi ya keto masa. Ashe shi ajidan ne, na ƙasa da kaftin, mai riƙe da zakara shi ne kaftin ɗin da ke jagorantar rundunar. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Kaftin ya yi dariya ya ce, "Baba, ku tashi. Wa kuke biɗa?" Na faɗi sunan ƙanena.

"Lahiya lau yake. Ni na amshe wayoyinsu kahin mu shiga daji, waya na tona inda mutum yake. Gara uwa ta yi kewa da ta yi zaman makoki."

Ya aika aka kira shi. Sai ga shi a guje, ya yi baƙi ya rame, ya sara wa kaftin kafin ma ya dube ni. Na yi kuka, ban ji kunyar kowa ba. Zakaran nan kaftin ya ƙi karɓa, da shi muka komo.

Na koyi cewa a gidan soja kafaɗa ake dubawa, ba furfura ba. Da la'asar muka iso gida, muka tarar da Inna tsaye a ƙofa. Na ce, "Inna, da hannuna na taɓa shi." Ta kama hannun nan ta riƙe, ba ta sake shi ba har aka kira magariba.