Keturah Mai Toka

"Yau ma bai tashi ba."

"Wa?"

"Matan nan mai ƙosai mana. Kowa ya tafi karɓar Jibi, shi yana zaune kamar an ɗinke zaninshi da benci."

"Ai ba shi kaɗai ba ne. Su biyu ne. Ɗaya a dama, ɗaya a hagu wajen taga."

"To me suka yi wa Allah?"

"Abeg, ki je ki tambaye su. Mai keke, a kwanan can za mu sauka."

A cikin keke aka yi wannan hirar wata Lahadi, tsakanin Bekaji da kasuwar Jimeta. Mata biyu ne sanye da zanin Zumuntar Mata iri ɗaya, sun taso daga Misa, Hausarsu irin wadda ba ta raba mace da namiji. Mai ƙosan da suke magana a kai sunanta Keturah Vandi. Ta haura hamsin, gajeruwa ce, kafaɗarta ta dama ta ɗan sauka saboda ɗaukar bokitin wake. Kullum da safe tana tuya a gindin wata darbejiya a Bekaji, kuma ba ta yarda a ce mata ƙosai ya yi ƙanƙanta. "Wake ne ya yi ƙanƙanta," haka take cewa, ta ci gaba da juya kasko.

A cocinsu na Katolika kuwa da wani aiki aka san ta. Duk shekara, ranar Lahadin Dabino, mutane kan koma gida da ganyen dabinon da Fada ya sa wa albarka, su maƙala shi a bango har ya bushe. Idan shekara ta zagayo, Azumi ya matso, sai kowane gida ya dawo da nasa. Keturah ce ke tara su a kwando a bayan coci, ta ƙona, ta daka, ta tankaɗe da rariya har tokar ta yi laushi kamar hoda. Ita ce tokar da ake shafa wa kowa a goshi ranar Larabar Toka, don mutum ya tuna daga ƙasa ya fito, can kuma zai koma. Yaran coci Mama Toka suke ce mata. Ba ta hana su.

Ita ba 'yar Jimeta ba ce. Daga wani ƙauye take a bayan Michika. Mijinta Vandi kafinta ne, kuma tun da babur ya kayar da shi ƙafarsa ta hagu ba ta sake ɗaukar doguwar tafiya ba. Katanga ɗaya ta raba gidansu da na Hadassah, mai injin markaɗen ƙauyen, wadda ita ce ma uwar baftismar 'yar Keturah ta fari. A ƙarshen daminar 2014, ranar da harbi ya matso kusa, matan biyu suka yi shawara a tsaye. Keturah za ta bi duwatsu da yara uku a ƙafa. Vandi zai shiga akori-kurar da dangin Hadassah suka samo.

"Ki tafi, Adda," in ji Hadassah. "Yana hannuna."

Keturah ta iso Jimeta da ƙafafu a kumbure, ta shiga harabar cocin da aka tara 'yan gudun hijira, tana bin tabarma tabarma. Ta sami Hadassah. Ta sami injin markaɗen, an lulluɓe shi da leda. Vandi ne ba ta gani ba. Waɗanda suka zo a motar suka gaya mata yadda aka yi: mota ta cika, direba ya ce ko a sauke injin ko a bar mutumin, shi ba zai jira ba. Hadassah tana zaune a kan injin, ba ta ce komai ba, mota ta tashi. Keturah ta je gabanta ta yi tambaya ɗaya.

"Ina Vandi?"

Hadassah ta kalli ƙasa. Daga wannan ranar magana ba ta sake haɗa su ba. Vandi kuma har yau babu wanda ya ce ya gan shi, a raye ko a mace.

Wata Hajja Zuhra ta Adarawo, cikin tsohuwar Yola, da ta kawo wa 'yan gudun hijira abinci, ita ta ɗauki Keturah da yaranta ta ba su ɗaki, daga baya ta ba ta kaskon tuya na farko. Da Keturah ta tsaya da ƙafarta sai ta koma Bekaji don ta yi kusa da coci. Hadassah ma can ta kafa injinta, a bakin hanyar da Keturah ke bi. Mai ƙosai ba ta rabuwa da markaɗe, amma Keturah ta gwammace ta tsallaka titi da bokitinta ta kai wani injin mai nisa. Ta ce ko idonta a rufe tana gane ƙarar injin Hadassah a cikin ƙarar injina dubu.

Babu wanda ya hana ta karɓar Jibi, wato Jikin Almasihu da ake rabawa a Misa. Ita ta hana kanta. A Misa, kafin a tashi karɓar Jikin Almasihu, Fada kan ce jama'a su ba juna hannu alamar salama. Keturah takan ba na dama, ta ba na hagu, ta san kuma akwai hannu ɗaya a cikin ginin nan da ba za ta iya taɓawa ba. Sai ta durƙusa, ta kifa kai a kan benci, ba ta ɗagowa sai an gama.

"Ba na yi wa Allah wayo," haka ta ce wa duk Fadan da ya tambaye ta. "Ba zan buɗe baki in karɓi Yesu ba da wannan dutse a ƙirjina. Ina zai zauna?"

Akwai kuma abin da ba ta gaya wa kowane Fada ba. Hadassah tana kitsa ganyen dabinonta ya zama ɗan gicciye, irin kitson ƙauyensu, wanda babu mai yi a Bekaji. Duk shekara idan ya shigo kwando, Keturah takan gane shi, ta zare, ta soke a zani. Ba ta so tokarsa ta hau goshinta. Yar da abin da aka sa wa albarka kuma ba za ta iya ba. Sai ta riƙa tara su a wani buhu a ƙarƙashin gadonta.

Ana haka aka kawo Fada Vincent. Iyayensa daga kudu maso gabas suka zo, amma a Jimeta aka haife shi, a bayan shagon babansa na kayan gyaran mota, don haka Hausarsa ta 'yan kasuwa ce, ba ta littafi ba. Ya fara aiki a makonnin jiran Kirsimeti, lokacin da ake shimfiɗa wa bagadi shunayyan kyalle.

"Idan babban baƙo zai zo," ya ce a wa'azinsa, "na san ku. Ku share tsakar gida fes, ku tura tarkace ƙarƙashin gado. To wannan Baƙon da muke jira, ƙarƙashin gado yake fara leƙawa."

Coci ta yi dariya. Keturah ba ta yi ba. Da ta je gaida Hajja Zuhra ta ce mata, "Wannan sabon Fadan yana da shisshigi."

Da Azumi ya kama, ya ɗauko maganar zunubi. Ya ce mutanen wannan yanki sun ga zunubi mai bindiga, har sun ɗauka shi kaɗai ne zunubi. "Amma akwai wanda ba ya ƙara. Shiru ne kawai, a daidai lokacin da ya kamata mutum ya buɗe baki." Keturah ta ce amin da ƙarfi har na gabanta suka waiwayo, don ta san da wa ake. Fada ya ɗan dakata, ya ci gaba: "Wani shirun na ɗan lokaci ne, a bakin mota ko a bakin ƙofa. Wani kuma mai shi yakan yi kiwonsa shekara da shekaru, yana ba shi abinci."

Ana tashi ta tare shi a ƙofar ɗakin da yake cire kayan Misa.

"Fada, da ni kake."

"Mama, da kaina ma nake."

"Ka san abin da aka yi mini?"

"An gaya mini. An yi miki laifi, babba. Ba zan ce miki ba a yi ba. Da babu laifi, me za a yafe?"

"To in je in yi dariya da ita, kamar akuya ce ta ɓata?"

"Ban ce dariya ba. Ni dai duk Lahadi ina riƙe da rabonki a hannu, ina mayarwa."

"Zan yi," ta ce. "Amma ba yau ba, kuma ba don ka faɗa ba. Ranar da na yi, na gaske zan yi."

Ista ta zo, aka shimfiɗa farin kyalle, aka buga ganga, matan Zumunta suka yi guɗa. Keturah ta yi waƙa da kowa, da lokacin Jibi ya yi ta kifa kai yadda ta saba. Daga nan aka shiga dogayen watannin koren kyalle, waɗanda babu wani biki a cikinsu, mutane ma kan yi gyangyaɗi a wa'azi. A nan ne Fada Vincent ya yi ta maganar halin kirki. Ya ce haƙuri da tausayi ba sa sauko wa mutum rana ɗaya, koyonsu ake yi kamar sana'a, hannu yana ƙonewa kafin ya iya. Wata Lahadi ya ce duk waɗanda Yesu ya kira, sai da suka tashi daga inda suke zaune. "Bi tafiya ce. Ban taɓa ganin wanda ya bi mutum a zaune ba."

Maganar sana'a Keturah ta ɗauka, don ita ta sani. Ta fara da ƙafa. Ta daina tsallaka titi, ta riƙa bi ta gaban injin da bokitinta, idonta a kan hanya. Makon farko sai da ta ajiye bokitin a gaba ta huta. Bayan ta saba da wannan, ta sa sunan Hadassah a addu'ar safe.

"Sunan yana tsaya mini a nan," ta ce wa Hajja Zuhra, tana nuna maƙogwaro. "Kamar ƙayar kifi."

"To ki haɗiye da ruwa, Goggo," in ji Hajja. "Mu an ce mana kada gaba ta wuce kwana uku. Ke kin kai ta makaranta har ta kusa gamawa."

"Ke ba mijinki aka bari ba."

"Gaskiya ne," Hajja ta ce a hankali. "Shi ya sa ban taɓa matsa miki ba. Amma ina gani kina tsufa da shi."

Shekara ta zagayo. Kirsimeti ta wuce, Azumi ya matso, aka ajiye kwando a bayan coci. Ganye ya yi ta taruwa. Keturah ta riƙa zuwa da yamma tana juya shi, tana dubawa. Kitsattsen gicciyen bai zo ba. Ukamaka, shugabar Zumuntar Mata, mai shagon atamfa a kasuwar Jimeta, ta same ta durƙushe a kan kwandon.

"Mama Toka, wetin? Zinariya kike nema?"

"Wani bai kawo nasa ba."

"Ba zai kawo ba," in ji Ukamaka, ita ma Hausarta ba ta raba mace da namiji, Hadassah take nufi. "Bara shi da kanshi ya kawo. Ya tsaya a get, ya ga kin cire kin sa a zani. Ya ce mini tunda ganyenshi bai isa a ƙona da na mutane ba, shi ma ba zai zo karɓar toka ba."

Keturah ta saki ganyen da ke hannunta. Ukamaka ta ci gaba.

"Ke, ba ki san shi ma bai taɓa tashi karɓar Jibi ba? Tun zuwanku. Duk coci sun sani. Ke kaɗai ce kanki yake ƙasa."

Wannan shi ne abin da Keturah ba ta taɓa gani ba. Duk shekarun nan ta ɗauka Hadassah tana tashi, tana karɓa, tana komawa wurinta hankali kwance. Ashe a can wajen taga ma akwai mai kifa kai.

Ranar Talata da safe ake ƙona ganyen. Ranar Litinin Keturah ta yi tuyarta kamar kullum, ta sallami mai saye na ƙarshe, ta wanke kasko. Ta shiga ɗaki ta jawo buhun daga ƙarƙashin gado. Ba shi da nauyi ko kaɗan, busasshen ganye ne, amma ta ɗora shi a kafaɗar da take ɗaukar wake. Ba ta sauya zani ba.

Injin yana ta ruri a bakin hanya, mata sun jera robobin tumatir da masara. Hadassah tana tura markaɗe da ɗan icce, gashinta ya yi fari fiye da yadda Keturah ta zata, don ta daɗe ba ta dubi fuskarta ba. Keturah ba ta shiga layi ba. Ta je gaban injin, ta ajiye buhun, ta kwance bakinsa. Ƙananan gicciyoyin suka bayyana, wasu sun yi ruwan ƙasa, wasu sun fara karyewa. Hadassah ta kalle su, ta kalle ta, iccen ya tsaya a hannunta.

Keturah ta yi magana, ƙarar injin ta cinye. Ta matsa kusa, ta ɗaga murya.

"Hadassah, kashe injin nan. Gobe da safe ki zo bayan coci, ke za ki kunna ashana, mu ƙona waɗannan da na kowa. Amma yanzu ki ba ni benci, ki zauna, ki gaya mini abin da Vandi ya ce lokacin da motar ta tashi."